Wuni Guda A Gololo: Baje Kolin Da Ba Shi Da Ƙofa

Yau za mu tattauna ne a kan wani abu da gwamnatocin ƙasar nan suke zuba wa kuɗi kowace shekara, amma ba safai ake tsayawa a tambayi mutanen da ake yi dominsu ko suna cin moriyarsa ba, watau bukukuwan nuna al'adu da fasahar gargajiya.

Tun cikin 1970, bayan an gama yaƙin basasa, aka soma shirya bikin nuna fasaha da al'adu na ƙasa baki ɗaya, domin jama'ar jihohi su san juna, a ɗinke ɓarakar da yaƙi ya bari. Cikin 1977 kuma Nijeriya ta karɓi baƙuncin gagarumin bikin nan na baƙar fatar duniya da ake kira FESTAC, wanda aka yi a Legas, aka kuma yi hawan daba a Kaduna. Dattawan da suka ga wannan hawa da idonsu har yau in suka fara ba da labarinsa ba sa son a katse su. Daga nan jihohi suka ɗauki abin, kowace tana shirya nata.

To, amma duk wanda ya taɓa halartar irin wannan biki ya san fasalinsa. A babban birnin jiha ake yi, cikin filin wasa, a kafa rumfuna, a jera kujerun manyan baƙi. Sai a kwaso makaɗa da 'yan rawa daga ƙananan hukumomi, kowace ƙungiya a ba ta 'yan mintoci ta gifta ta gaban manya. Maƙeri da masaƙi da dukawa kuwa a ajiye su can gefe, kowa da ɗan abin da ya iya ƙunsowa a buhu. In an kwana biyu ko uku a sallame su da kuɗin mota, sai kuma baɗi in da rai.

Abin tambaya a nan shi ne, ina labarin fasahar da ba ta shiga mota? Soro ba ya shiga mota, haka rumbu, haka katangar da magini ya ɓata kwanaki yana yi mata zayyana. Ashe ke nan mafi girman ayyukan hannun mutanenmu ba su taɓa halartar bikin da ake cewa nasu ne ba, domin suna can tsaye a inda aka gina su, rana da ruwa suna cin su, babu mai zuwa kallo.

DABARAR MUTANEN JAPAN

Kafin mu shiga Gololo, bari mu ɗan leƙa wata ƙasa mai nisa wadda ta gamu da wannan tambaya ta kuma ba ta amsa. A jihar Nigata ta ƙasar Japan akwai wani yanki na duwatsu da gonakin shinkafa da ake kira Ecigo-Tsumari, inda ƙanƙara take zuba ƙwarai da hunturu. Samarin wurin suka yi ta ƙaura zuwa Tokiyo da sauran birane, har ƙauyuka suka zama sai tsofaffi, aka rufe makarantu saboda rashin yara, gidaje suka koma kango.

Cikin shekara ta 2000 hukumomin yankin, tare da wani masanin fasaha mai suna Fram Kitagawa, suka soma wani biki da ake yi sau ɗaya cikin shekara uku. Ba su gina wani katafaren zaure suka tara kaya a ciki ba. Sai suka gayyaci masu fasaha na gida da na ƙasashen waje, suka ce kowa ya je ƙauye ya zauna da mutane, ya yi aikinsa a fili: wani a bakin gona, wani a gefen rafi, wani cikin makarantar da aka rufe, wani cikin gidan da masu shi suka tashi. Faɗin yankin ya kai murabba'in kilomita 760, saboda haka mai son kallo tilas ya bi ƙauyukan ɗaya bayan ɗaya, ya ci abincinsu, ya kwana a masaukinsu, ya tambayi manomi hanya. A bikin 2018 mutanen da suka je sun haura rabin miliyan.

Hikimar da ke ciki ita ce, mai kallo aka tura wurin abin kallo, kuɗin aljihunsa kuma ya faɗi a hannun mutanen ƙauye. Mu kuwa, da za mu gwada haka, ba mu ma da bukatar ɗauko kowa daga waje kafin a fara, domin abin kallon yana nan a shirye. Gani ya kori ji, shi ya sa na keɓe wuni guda na tafi Gololo, cikin Ƙaramar Hukumar Gamawa ta ƙasar Katagum a Jihar Bauchi, da niyyar in dubi garin da kewayensa kamar yadda baƙo zai dubi baje koli.

DAGA HANTSI ZUWA LA'ASAR

Na tashi daga Azare da sassafe, lokacin kaka ya kankama, muka nausa arewa maso gabas. Tun ba mu isa ba kallo ya fara. A gonakin da aka gama girbi an jera dammunan gero, kawunan zangarniya duk sun fuskanci waje guda, an ɗaure kowane dami tamau a tsakiya, an ɗora wani kan wani har suka tashi kamar ɗaki. Wanda bai taɓa gwada ɗaurin dami ba zai ɗauka wasa ne, alhali kuwa in hannu bai saba ba, kafin a kai shi kan amalanke ya warwatse.

A bakin ƙauyukan da muka ratsa kuwa sai rumbuna, biyar a nan, goma a can, sun yi sahu kamar dakarun da ke gadin gari. Na sa direba ya tsaya na sauka na zagaya wasu. An ɗaga kowane rumbu daga ƙasa a kan itatuwa ko duwatsu, saboda gara da danshi. Jikinsa saƙaƙƙiyar zana ce, an ɗaure ta da igiya zobe-zobe daga gindi zuwa wuya, sa'an nan aka kifa masa jinka mai tsini kamar malafa, yadda ruwa ba zai sami wurin zama ba. Na ƙasa kuma, watau rufewa, cikinta a buɗe kamar randa, bakinta a tsuke don kada ɓera ya sami hanya. Babu wanda ya yi awo da ma'auni ko ya zana a takarda, amma da wuya ka ga wadda ta karkace. Da a Turai wani ya jera irin waɗannan a fili ya manna sunansa a jiki, da sai an sayi tikiti kafin a gan su.

Da hantsi muka shiga gari. A cikin tsohuwar unguwa na ci karo da wani zaure na ƙasa wanda ya tsayar da ni cak. Zankwaye ne a kusurwoyin rufinsa kamar kunnuwan zomo, indararo ya leƙo ta gefe, kewayen ƙofar kuma an yi masa zayyana mai tudu da kwari, layuka suna shiga juna suna fita, ga dagi a bisa ƙofa, ga siffar takobi a kowane gefe. Wani sashe ya zaizaye, wani kuma an liƙe shi da siminti, kamar an yi wa rigar saƙi maho da leda.

Da na tambayi wanda ya yi aikin, sai yara suka raka ni wurin wani dattijo da ke zaune a gindin bedi yana tufkar igiya. Na durƙusa na ce, "Baba, barka da hutawa." Ya amsa, ya sa aka kawo mini ruwa, sa'an nan ya tambaye ni daga ina. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya yi dariya, ya ce, "Ɗana, kai kuma duk gine-ginen birni ba su ishe ka kallo ba?"

Mun fi awa guda tare, kuma abin da na koya a wurinsa ya fi ƙarfin shafi ɗaya. Ya bayyana mini yadda ake zaɓen ƙasa, a jiƙa ta, a cuɗa da ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana ta ruɓa, sa'an nan a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai a shanya. Ginin kansa ba a yi masa gaggawa, sai sahu ya sha iska ake ɗora wani. Rufi kuwa da azara ake yi, watau tsagin giginya, wadda gara ba ta cika damunta ba, kuma da yake azara ba ta da tsawon da za ta haye babban ɗaki, sai magabata suka ƙago baka, su riƙa goya azara bisa azara tana tanƙwarowa daga bango biyu har ta haɗu a tsakiya. In an gama sai yaɓe, a bi da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ita ce ke sa bango ya yi jajir ya kuma jure ruwa. Zayyana tun yaɓe yana ɗanye ake yin ta, da yatsa da 'yar wuƙa, kuma in hannu ya kuskure babu gogewa, sai dai a sake yaɓe.

Da na tambaye shi wanda ya gaje shi cikin 'ya'yansa, sai ya ɗan yi shiru yana duban igiyar hannunsa. Daga baya ya ce ɗaya yana buga bulo, ɗaya yana haya da babur a Kano, ƙaramin kuma yana makaranta, kuma shi bai ga laifin kowa a cikinsu ba, tun da rabon da wani ya kira shi aikin zayyana har ya manta. Jama'a, ilmin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana tarawa, daga uba zuwa ɗa, ga shi nan zaune a gindin bedi yana tufkar igiya, kuma ba a rubuce yake a ko'ina ba.

Da azahar na shiga kasuwa. A layin masu ƙorai na daɗe. Ga ƙwarya an ƙona mata zane da wuƙa mai zafi, baƙi bisa rawaya, ga wata an kankare ta fari fat an fitar da zanen da kaifi, ga ludaya da masakai. Matan Fulani suna ɗauka suna juyawa suna ƙwanƙwasawa da yatsa, domin su ba kyau kaɗai suke dubawa ba, har da kaurin da zai jure nono da tafiya. Gaba kaɗan ga faya-fayai masu rini ja da kore, ga tabarmin kaba, ga tuluna da randuna an kifa su sahu-sahu, ga turame da taɓare sababbin sassaƙa suna ƙanshin itace. Daura da su kuma ga tulin robobi da kwanonin masana'anta, kuma gaskiya ita ce cinkoson masu saye ya fi yawa a can.

A bakin tasha na tarar da wani baje kolin na dabam, watau manyan motoci masu bodin katako. Kowace an yi mata fenti tun daga goshi har wutsiya, da furanni da tsuntsaye da zaki da dabino, an kuma rubuta wata addu'a ko habaici a sama. Masu wannan zane suna nan da ransu a garejin biranenmu, suna samun abinci da shi, kuma wannan ya nuna mana cewa Bahaushe bai daina son ado ba. Inda ake biyan mai fasaha, fasaha tana nan daram.

Akwai kuma fasahar da ƙafata ba ta isa wurinta ba, domin tana cikin gida: daɓen da mata suke yi da maɗabi suna waƙa har ƙasa ta yi santsi, da jeren ɗakin amarya, da saƙar hula da ɗinkinta. Wannan sai 'yan'uwanmu mata ma'aikatan jarida su shiga su gano mana. Da la'asar sakaliya, sa'ad da amalanken shanu suka fara komowa daga gona, na sake bi ta ƙofar zauren nan, na tarar rana ta karkata ta bugi bangon ta gefe, inuwa ta cika kwarin zanen, kowane layi ya fito sarai. Ashe maginin ya san da rana a lissafinsa.

TUSHEN ABIN

Kada wani ya zaci wannan baƙon abu ne a wannan yanki. A duwatsun Shira, cikin ƙasar Katagum ɗin nan, akwai zane-zanen da mutanen da suka yi a jikin dutse, haka a Geji, haka a Birnin Kudu ta Jihar Jigawa, inda siffofin shanu suke nan har yau, kuma duk suna cikin kayan tarihin da Gwamnatin Tarayya ta ɗauki alkawarin karewa. Watau yin zane a fili, inda mai wucewa zai gani, ya riga takarda zuwa ƙasar nan.

Malam Zaki, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, shi ya kafa masarautar Katagum a farkon ƙarni na 19. Sa'ad da Baturen nan Kilafatan ya iso birnin Katagum cikin 1824, ya tarar da shi kewaye da ganuwa biyu da ƙofofi huɗu, duk aikin magina ne da ƙasa da ruwa. A wannan ƙarnin ne kuma aka yi Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarki Abdulkarimu, ya kuma yi ginin nan na Kafin Madaki a Jihar Bauchi wajejen 1860, wanda aka sa cikin kayan tarihin ƙasa tun 1956. Cikin shekarun 1970 wani masanin gini ɗan ƙasar Folan mai suna Dmochowski, bayan ya yi shekaru yana auna gine-ginenmu, ya jagoranci sake gina kwatankwacin wasunsu a gidan tarihi na Jos. Baƙo daga Turai ya ga abin da ya cancanci ya ba shi ƙarfinsa da shekarunsa, mu masu abin muna rushewa muna murna.

MAI ƊAKI SHI YA SAN INDA YAKE MASA YOYO

Sai dai fa adalci ya wajaba. Abu ne mai sauƙi ɗan birni ya fito daga ɗakin siminti, ya zo ƙauye na wuni guda, ya ce wa mutane su zauna cikin ginin ƙasa domin shi ya ji daɗin kallo. Mutumin da ya sayar da wakensa da riɗinsa ya sayi bulo da kwano ba wawa ba ne. Ginin ƙasa yana son yaɓe kusan kowace shekara, kuma in an yi sakaci damina ɗaya, bango ya tsage, to sai abin da hali ya yi. Ambaliyar 2022 ta rushe gidaje masu yawa a ƙananan hukumomin Zaki da Gamawa, kuma wanda ya kwana yana tsoron rufi ya faɗo wa 'ya'yansa ba zai saurari wa'azin zankwaye ba. Giginya ma ta yi ƙaranci, azara ta yi tsada. Daɗin daɗawa, an riga an cusa wa mutane cewa gidan ƙasa alamar talauci ne, har saurayi yana jin kunyar a kai masa amarya cikinsa.

Duk da haka, wanda ya taɓa kwana ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, sa'an nan ya shiga soron ƙasa da tsakar rana ya ji sanyinsa, ya san cewa magabata ba a banza suka zaɓi kaurin bango ba. Maƙwabtanmu kuma sun nuna cewa ana iya riƙe abin ba tare da an koma baya ba. A garin Yama, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, wani magini Bahaushe mai suna Falke Barmu ya soma gina masallacin Juma'a da ƙasa cikin 1962, mutanen gari suna kawo ruwa da tubali, kuma cikin 1986 wannan masallaci ya ci kyautar Aga Khan, wadda take cikin manyan kyaututtukan gini na duniya. A Dandaji, a ƙasar ta Nijar, cikin 2018 an kammala sabon masallaci da tubalin ƙasa wanda inji ya matse, aka mai da tsohon ɗakin karatu. A Jenne ta ƙasar Mali kuwa, yaɓen babban masallacinsu, wanda aka gina cikin 1907, shi ne bikin garin: rana guda ake sawa, samari su yi tseren kawo laka, mata su ɗebo ruwa, magina su hau, kafin rana ta take an gama. Aikin da zai zama wahala a kan mutum ɗaya sun mai da shi abin murna, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai kuma masu ɗari-ɗari da duk abin da aka kira fasaha, suna ganin ƙarshenta a kafa gumaka a mararraba. Hankalinsu ya kwanta. Magini da mai zanen ƙwarya da maɗinkin aska takwas sun yi zamani bayan zamani suna aikinsu a garuruwan malamai, da layi da ƙulli da zobe, kuma mafi kyawun aikin Babban Gwani masallaci ne.

ABIN DA YA KAMATA A YI

Shawarata ga Gwamnatin Jihar Bauchi, da ƙananan hukumomin ƙasar Katagum, da Majalisar Mai Martaba Sarkin Katagum, da ma sauran jihohi, ita ce a juya akalar bikin, a kai shi inda fasahar take.

Na farko, a zaɓi lokacin bayan kaka, sa'ad da rumbuna suka cika, hanyoyi suka bushe, manoma suka sami sarari. A riƙa zagayawa da shi, bana Gololo, baɗi Udubo, wata shekarar Shira ko tsohon birnin Katagum. Kada a gina komai domin manyan baƙi. Garin kansa shi ne filin biki, 'yan makaranta su zama 'yan rakiya, su bi da baƙo daga zaure zuwa zaure, daga rumbu zuwa maƙera.

Na biyu, a sa gasa tun watanni kafin ranar: zauren da ya fi zayyana, rumbun da ya fi tsari, zanar da ta fi saƙa, amalanken da ya fi ado. Kyautar kuma ta kasance mai tsoka, a danƙa ta hannun mai aikin a bainar jama'a, a kira sunansa da na wanda ya koya masa. Ladi Kwali, maginiyar tukwane, hotonta yana kan takardar Naira 20, amma mutum nawa ne za su iya faɗin sunan maginin da ya yi zauren hakimin garinsu?

Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci, a ba su aiki. Ƙofar kasuwa, da rumfar jiran mota, da zauren makarantar firamare, da katangar ɗakin shan magani, duk ana iya ba maginan gargajiya su yi su ko su yi musu ado, bisa sharaɗin kowane gwani ya ɗauki yara biyu ko uku, hukuma tana ba su ɗan abin sabulu har su ƙware. Yabo ba ya riƙe saurayi a sana'a, sai ya ga tana ciyar da mai ita.

Na huɗu, ɗaliban Kwalejin Ilmi ta Aminu Saleh da ke Azare, da na jami'ar jiha da ke Gaɗau, da na sashen zane da na gine-gine a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a turo su su zauna da waɗannan dattawa, su auna, su ɗauki hoto, su rubuta sunan kowane zane da yadda ake haɗa kowane yaɓe. Su kuma su kawo nasu ilmin: harsashin dutse ko siminti wanda zai hana ruwa cin gindin bango, da tubalin inji, da dashen giginya da ɗorawa domin na baya. Masu sabuwar fasaha cikinsu su yi nasu aikin a fili, da kara da kaba da laka, tare da mutanen gari kuma da yardarsu.

Gargaɗi ɗaya zan ƙara. In aka bar abin ya zama kasuwar 'yan kwangila, aka kwaso rumfunan haya da kujerun roba daga birni, aka cinye kuɗin a kan abincin manya da man motoci, to an koma gidan jiya, gara ma ba a fara ba. Haka kuma mutanen ƙauye masu masauki ne, a nemi izninsu kafin a ɗauki hoton gidansu ko iyalinsu, kuma abin da baƙo zai ci ko ya saya ya fito daga hannunsu.

Lokaci ba ya jira. Dattawan da suka san sirrin makuba da ɗaurin baka suna ta raguwa, kuma kowace damina tana tafiya da wani bango wanda ba za a sake yin irinsa ba. Abin da za a iya cetowa bana da kuɗi kaɗan, nan da shekara goma ko an zuba miliyoyi sai dai a yi kwaikwayo.

Saboda haka ina roƙon masu karatu, daga Sakkwato har Maiduguri, daga Maraɗi har zangon Kumasi, duk wanda ya san wani tsohon zaure mai zayyana, ko wani gwanin magini da ke raye a garinsu, ya rubuto wa wannan fili, ya faɗi garin da irin aikin. Za mu riƙa bugawa daidai gwargwado, ko Allah ya sa masu iko su gani su motsa. Kafin nan kuma, in ka fita gobe da safe, ɗaga kai ka dubi katangar unguwarku, ka tambayi wanda ya yi ta tun yana da rai.

Allah ya albarkaci hannun masu sana'a, ya ba shugabanninmu ikon gane abin da ke gabansu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.